Kafin ka haƙa rijiya a filin tsohon gidan mai, ga yadda zaka duba ƙasar da inda ruwan ƙasa ya dosa

Bara cikin damina kawuna ya kira ni da sassafe ko karyawa banyi ba, yace ɗana zo ka shinshina min ruwan nan ko hancina ne ya fara tsufa. Fili ne ya saya a bakin titi nan Kumasi, ya kewaye shi ya haƙa rijiya tun rani don masu bulo su samu ruwan aiki, kuma niyyarsa in gini ya tashi da ita iyali za suyi wanka da girki. Na jefa guga na jawo, ruwa fari tas kamar na famfo, amma ina kai shi hanci naji fetur, ba mai ƙarfi ba, irin wanda ke maƙalewa a hannu bayan ka zuba wa babur mai. Nace Kawu, da rani haka yake? yace wallahi da rani har alwala nayi dashi babu komai. Muna tsaye sai ga wani dattijo maƙwabci ya leƙo, yaji zancen, yace Alhaji ai nan famfon mai ne a da, tun muna samari motocin katako ke shan mai a nan. Wanda ya sayar da filin ko sau ɗaya bai ambaci haka ba.

Na daɗe ina bin masu haƙa bohol da masu ginin rijiya, kuma abin da na gani shine mutanenmu na Zango muna duba takardar fili sosai, indenca da sait filan da sa hannun sarki, amma ƙasar da za mu zauna a kanta da ruwan da 'ya'yanmu za su sha babu mai tambaya. An cire famfo an share wurin an zuba jar ƙasa sai muce ya wuce, alhali man da ya zube shekaru yana nan a ƙasa, kuma baya zaune wuri ɗaya, ruwa na tafiya dashi a hankali zuwa gefe ɗaya. In ka gane wane gefe ne, rabin matsalar ka warware.

Tsofaffin tankunan nan ƙarfe ne zalla aka binne, samansu kamar mita ɗaya daga doron ƙasa, gindinsu ya kai mita 3 zuwa 4, kuma ƙasa mai laima irin tamu tana cin ƙarfe, tsatsa ta huda shi ƙaramin huji kamar na allura yayi ta ɗiga dare da rana ba wanda ya sani. Sau da yawa ma tankin lafiya lau yake, mahaɗar fayif ɗin dake zuwa famfo ce ke yoyo, ko kuma wajen sauke mai daga tanka kullum ana ɗan ambaliya. Amurka da duk tsaurinsu, tun da suka kafa dokar tankunan ƙasa a 1984 sun ƙirga yoyo sama da rabin miliyan. Toh ka auna namu da aka binne tun zamanin da ba mai dubawa.

Abin farawa kyauta ne, tambaya. Ka nemi tsofaffin unguwa, mai shayi da ya daɗe a wurin, tsohon direba, limamin masallacin kusa, ka tambaye su me ake yi a filin nan shekara talatin baya, ina famfunan suke, ta ina tanka ke tsayawa ta sauke, kuma sun ga ranar da aka zo da kireni aka ciro tanki ko basu gani ba. Ciro tanki ba abu ne da ke ɓoyuwa ba, duk unguwa sai ta sani. Sannan ka zaga da ƙafarka kana kallon ƙasa: dandamalin siminti dogo siriri inda famfo ya zauna, murfin ƙarfe zagayayye ko mai kusurwa huɗu a ƙasa, fayif biyu ko uku tsaye jikin katanga ko guntayensu da aka yanke (ta nan tanki ke numfashi), wurin da siminti ya bambanta da na kewaye ko ƙasa ta lotsa. A kwamfuta Google Earth na da tsofaffin hotuna, kana ja baya shekara shekara zaka iya ganin rumfar gidan man da idonka. Daga nan ka je ofishin EPA, hukumar kare muhalli, na yankin Ashanti ka tambaya ko wurin na da fayil, haka NPA da ke ba gidajen mai lasisi tun kafa ta a 2005, sai dai wanda aka rufe kafin nan kar kayi mamaki in ba a samu komai ba, maganar dattawan nan ita zata fi maka amfani. Kuma ba gidan mai kaɗai ba, tsohon garejin manyan motoci, injin katako, kamfanin da ke da babban janareto, duk suna binne tankin dizal.

In ya tabbata tankin na nan a ƙasa, dan Allah ka tsaya nan. Kar ka kira mai walda ko yaran gwangwan su yanka maka shi don kuɗin ƙarfe. Tankin da babu mai a ciki yafi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kamawa, kuma kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska kawai yake buƙata, tartsatsin giranda ɗaya ya isa. Tururin yafi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, baya tashi sama, kwanciya yake a rami da gwata da rijiya, shi yasa ko ramin gwaji ka haƙa kaji wari to kar kowa ya shiga, kar a kunna sigari, kar a leƙa da ashana. Wannan aikin masu lasisi ne da sanin EPA da 'yan kwana-kwana, su zuƙe abin da ya rage, su kore tururin, sannan ko su ciro shi ko su cika shi da yashi da siminti. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ko 112.

Yanzu ga yadda man ke tafiya, don in baka riƙe wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Man da ya fita daga tanki yana sauka ƙasa a hankali, wani ya maƙale a ƙasar da ya ratsa, sauran ya ci gaba har ya tarar da ruwa. Lita ɗaya ta fetur nauyinta wajen giram 750 ne, dizal wajen 840, ruwa 1000, don haka baya nutsewa, sai ya baje a saman ruwan ƙasa kamar man ja a saman miya. Duk wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 2015 a Sakul ɗin Kwame Nkrumah a Akra yasan wannan, ambaliya ce ta ɗauko mai a samanta wuta ta bi shi, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A ƙarƙashin ƙasa ma hakan ne sai dai a hankali. Kuma ruwan ƙasa na hawa da sauka, nan Kumasi damina biyu muke, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, ruwa ya hau ya ɗaga man sama, rani yazo ya sauka dashi, sai ya shafe ƙasar dake tsakanin nan gaba ɗaya, mita ɗaya ko biyu ko fiye. Abin da ya faru da rijiyar Kawu kenan a fahimtata, da rani ruwan na ƙasa da inda man ya shafa, damina ta ɗaga shi ya shiga cikin gurɓatacciyar ƙasar. A wani wurin kuma akasin haka ake gani, sai ruwa ya ja baya da rani man ke tsatsowa cikin rijiya. Shi yasa gwajin lokaci ɗaya baya wanke fili.

Wanda yafi bani tsoro kuwa wanda ya narke ne, don shi ido baya ganinsa. Cikin fetur akwai wani sinadari benzin, da 'yan uwansa uku da masu lab, wato ɗakin gwaji, ke haɗawa su kira BTEX, benzin na narkewa a ruwa sosai kuma an tabbatar yana jawo kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 a lita. In kana son ka gane ƙanƙantar wannan, cokalin shayi ɗaya na benzin zalla ya isa ya kai lita 440,000 wannan iyakar, wato politank mai lita dubu goma guda 44. A wannan ma'aunin hancinka ba zai ji komai ba, don haka jin wari hujja ce cewa akwai matsala, rashin jin wari kuwa baya nuna komai. Gidan man da yayi aiki kafin farkon shekarun 2000 kuma ya sayar da fetur mai dalma, ita dalma bata ruɓewa bata tashi, tana nan cikin ƙasar.

Sai ƙasar kanta. Kumasi tudu da kwari ce, a kan tudu in ka haƙa zaka fara da baƙar ƙasa 'yar kaɗan, sai jar ƙasa da marmara mai tsakuwa, sai yumɓu ja ko rawaya mai kauri, can ƙasa sai ruɓaɓɓen dutse wanda kamanninsa na dutse ne amma yana marmashewa a hannu, sannan dutse mai rai. A wasu unguwanni dutsen mai falle-falle ne kamar an jera takardu, in ya ruɓe laka yake bayarwa mai santsi, a wasu kuma dutse ne irin wanda ake fasawa a yi kankare, shi in ya ruɓe yashi-yashi yake zama kuma ruwa yafi gudu a cikinsa. A kwari kuwa, bakin rafin Aboabo ko Subin ko Sisa, yashi ne da taɓo da bolar da aka cike wurin da ita, ruwa kuma na kusa ƙwarai, wani wurin mita ɗaya ko biyu ka same shi. Tankin da aka binne a irin wannan wurin cikin ruwa yake zaune tun ranar farko.

Ba sai kana da na'ura zaka san irin ƙasarka ba. In ana haƙa, ko ramin fandesho ne ko na gwaji, ka sa a ajiye ƙasar kowace rabin mita daban a jere kan leda, kar a cakuɗa. Ka ɗebi kaɗan ka jiƙa ka murza tsakanin babban yatsa da manuni, in tana ƙaras-ƙaras ta ƙi haɗuwa yashi ne, in tayi santsi kamar garin fulawa amma ta karye da ka miƙe ta turɓaya ce mai laushi, in ta miƙe tayi zare dogo kamar tsawon yatsa bata karye ba yumɓu ne. Ko ka cika kwalba kashi ɗaya cikin uku da ƙasar, ka ƙara ruwa da ɗan omo ka girgiza sosai ka ajiye, yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushin cikin awa biyu, yumɓu sai ya kwana ko fiye, sai ka ga kaurin kowanne a jikin kwalbar. Amfanin sanin wannan shine yumɓu na riƙe mai kusa da inda ya zube, baya barinsa yayi nisa amma kuma baya sakinsa shekara da shekaru, yashi da tsakuwa kuwa suna barinsa ya wuce gidan maƙwabci. Kar kuma jar ƙasa ta ruɗe ka kace ai yumɓu ce ta toshe, marmara na da ramuka, ga hanyar gara da ta tsohuwar saiwa, mai na bin su ya sauka.

Launi ma na magana. Ƙasarmu ja ce saboda tsatsar ƙarfen dake cikinta, inda mai ya daɗe ƙwayoyin halitta masu cinsa suna shanye iskar wurin sai jan ya koma toka-toka ko kore-kore, wani lokaci baƙi. In kana haƙa cikin ja sai ka faɗa wani sashe mai launin toka da wari, ka auna zurfin ka rubuta ka ɗauki hoto. A fadama dai ƙasa kan yi toka don kanta saboda zaman ruwa, don haka sai ka haɗa da gwajin roba: zuba ƙasar cikin ruwa mai tsabta ka duba samansa a hasken rana. In wani ƙyalli mai launin bakan gizo ya fito ka taɓa shi da tsinke, wanda ya farfashe kamar gilashi ya tsaya a farfashe na ƙarfen ƙasa ne ba komai, wanda ya murɗa ya sake haɗewa mai ne. Ramukan gwajin nan kar ka haƙa su tsakiyar inda ake zaton tanki, gefe zaka bi, da inda famfo ya tsaya da layin da fayif ya bi tsakaninsu, da hannu kuma a hankali, da ka ci karo da ƙarfe ko wari mai ƙarfi ka dakata.

Toh ga babban aikin, gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Yawanci yana bin gangaren ƙasa, daga tudu zuwa rafi, kamar yadda rafukan garin nan ke gangarawa kudu su faɗa kogin Oda. Wannan zato ne mai kyau na farko amma zato ne, kuma akwai hanyar aunawa da rijiya uku wadda duk mai hankali zai iya da taimakon birkila. Ka nemi rijiyoyi uku na hannu da suka kewaye filin kamar duwatsun murhu, kar su zama a layi ɗaya, tazarar mita 30 zuwa 100 tayi, kuma duk su zama rijiyoyin hannu, kar ka haɗa da bohol mai zurfi don ruwansu ba lallai ɗaya bane. Ka je da sallama ka yiwa masu gidan bayani, ka roƙi Hajiya kar a ja ruwa daga dare zuwa asuba, domin rijiyar da aka gama ɗiba yanzu ruwanta ya faɗa ƙasa zai baka lissafin ƙarya. Da asuba ka auna ukun cikin awa ɗaya.

A bakin kowace rijiya ka yi alama da fenti, daga alamar nan zaka sauke tef ko igiya mai ɗan ƙarfe a baki har ya taɓa ruwa, ka maimaita sau biyu. Amma zurfin kaɗai baya gaya maka komai tunda bakin rijiyoyin ba tsayi ɗaya suke ba, nan ne birkila zai shigo da tiyon lebur ɗinsa, farin tiyon nan mai ruwa a ciki da suke daidaita gini dashi, ya bi daga alama zuwa alama ya gaya maka wacce tafi wacce tsayi da santimita nawa. In tazarar tayi yawa ya yi ta gaɓa gaɓa da turaku, in kana da hali ka ɗauko safiyo da na'urarsa yafi.

Bari in baka misali da lamba. Ka ɗauki alamar rijiya ta farko kace tsayinta 100.00, lamba ce kawai ta farawa. Birkila yace ta biyu ta gaza ta da santimita 50, wato 99.50, ta uku ta gaza da 20, wato 99.80. Zurfin ruwa ka samu 6.20 a ta farko, 6.30 a ta biyu, 6.80 a ta uku. Ka cire zurfi daga tsayin baki: ta farko 93.80, ta biyu 93.20, ta uku 93.00. Kaga ruwan ta farko ne a sama, na ta uku a ƙasa, ta biyu a tsakiya. Yanzu ka zana ukun a takarda da tazararsu daidai, ka ja layi daga ta farko zuwa ta uku, muce mita 40 ne. A tsawon layin nan ruwa ya sauka santimita 80, kai kuma kana neman inda ya sauka 60 don nan ne yayi daidai da ta biyu, 60 cikin 80 kashi uku cikin huɗu ne, wato mita 30 daga ta farko. Ka ɗiga alama a nan ka ja layi zuwa rijiya ta biyu. Duk kan wannan layin ruwa tsayi ɗaya yake, baya bin sa, ratsa shi yake a miƙe kamar yadda ake tsallaka titi, daga gefen rijiya ta farko zuwa gefen ta uku. Ka zana kibiya haka, ka ɗora ta kan inda tanki yake, duk abin da ke gaban kibiyar shine ke cikin hanya. Ka sake awon nan ƙarshen rani wajen Fabrairu da kuma tsakiyar damina wajen Yuni ko Yuli, don kibiyar kan ɗan juya.

Saurin tafiyar kuwa wani injiniyan Faransa Henry Darcy ya fitar da lissafinsa tun 1856, ya danganta da yadda ƙasar ke barin ruwa ya wuce da kuma gangaren ruwan. A yashi mai laushi da gangaren mita 1 cikin 100, ruwa zai yi kamar mita 15 a shekara, a yumɓu ko taku ɗaya ba zai yi ba. Mita 15 kamar ba komai, amma gidan man da yayi yoyo shekara goma fa? Abin da ke taimako shine ƙwayoyin halittar nan na cin benzin a hanya, binciken da aka yi a ɗaruruwan wurare a Amurka ya nuna galibi gurɓatar bata wuce mita 100 daga tanki. Ni dai bana jingina da wannan a Kumasi ido rufe, saboda in man ya kai tsagar dutse tsagar yake bi ko ina ta nufa, da sauri kuma. Banda haka ramin da aka taɓa haƙawa aka mayar, na fayif ɗin ruwa ko kebul ko gindin gwata, ƙasarsa sako-sako ce tana zama hanya. Ga kuma bohol mai injin, wanda ke ja kullum don sayar da ruwa ko wankin mota ko gidan wanka, yana jawo ruwan kewaye zuwa kansa har ya iya juya kibiyar taka gaba ɗaya, don haka ka sa duk bohol mai aiki dake kusa a cikin zanenka.

Daga nan sai lab, kuma nan mutane ke asarar kuɗi. In ka kai ruwa kace a gwada min ko yana shawuwa, gwajin ƙwayoyin cuta da gishiri da ƙarfe za ayi maka, takarda ta fito lafiya lau alhali ba a nemi mai ba sam. Dole ka faɗa da bakinka kana son BTEX da TPH, na biyun shine jimlar man dake ciki, ka ƙara da dalma in tsohon wuri ne. Ka tambaya a Tek, wato jami'ar KNUST, ko Hukumar Ma'auni ta GSA, ko Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, ko EPA su nuna maka lab da ke yi, don ba kowanne ke da na'urar ba, ta ɓangaren ƙasa kuma ga Cibiyar Binciken Ƙasa nan Kwadaso. Kar ka ɗebi ruwan a robar Voltic, benzin na guduwa. Su za su baka 'yan kwalaben gilashi masu mililita 40, a cika su maƙil a rufe, ka kifa ka duba ko kumfar iska ɗaya babu, a sa cikin ƙanƙara a kai da wuri, ranar in zai yiwu. In filin babba ne ko ginin haya zaka yi ko makaranta, ka ɗauki ƙwararre ya huda 'yan rijiyoyin gwaji, aƙalla ɗaya a bayan tanki, biyu kuma a gabansa ta inda kibiya ta nuna, kuma ka tabbata ramukan fayif ɗin da za a sa cikin rijiyoyin sun ratsa saman ruwa, sama da ƙasa, in an nutsar dasu can ƙasa man dake yawo a sama ba zai shiga ba sai a ce maka babu.

In sakamako ya nuna akwai, tafasa ruwan baya gyara shi, tururin zaku shaƙa a kicin, alam baya cirewa, kulorin ma haka, kuma wanka dashi a rufaffen bayi shima shaƙa ne. Matatar gawayi ta musamman tana kamawa amma tana cika, in ba ana canzawa ana gwadawa ba wata rana zata sake shi duka. Mafi sauƙi a bar rijiyar. Kar kuma kayi ta zuƙe ta da injin kana zubarwa a gwata wai ta wanke, ƙara jawo man kake yi kuma kana aika shi gidan wasu. In dole sai ka yi bohol, ka kai shi bayan kibiya, gefen da ruwa ke fitowa, nesa iyakar yadda filin ya bari, ka ɗauki mai haƙa da ke da lasisin Hukumar Albarkatun Ruwa WRC kamar yadda dokar 2006 ta tanada, ka gaya masa tarihin wurin, kuma ka tsaya a kansa ranar da zai zuba siminti tsakanin fayif da bangon rami tun daga dutse har sama. Bohol da ba a toshe haka ba shi da kansa yake zama mazurari, ya kai dattin sama cikin ruwan ƙasa mai kyau. Ko ruwan famfo zaka jawo, baƙin fayif ɗin roba fetur na ratsa shi, kar ka binne shi cikin ƙasa mai wari, ka kewaye ko a sa na ƙarfe. Ɗakin kwana kuma kar ya hau kan ramin tanki sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin tururin na hawowa ta tsagar daɓe, kuma ƙasar da aka kwashe kar a bayar a cike gidan wani ko a zuba bakin rafi, EPA zata faɗi inda za a kai.

Wanda bai riga ya biya ba shi ke da ƙarfi, ka ce wa mai filin a yi gwaji kafin kuɗi, a rubuta cikin yarjejeniya wa zai ɗauki nauyin ciro tanki da kwashe ƙasa, in ya ƙi a haƙa ko rami ɗaya to ka san abin da kake saya. Wanda ya riga ya saya kamar Kawu, haƙƙin maƙwabta na kansa. Da muka yi awon rijiya uku kibiyarmu ta nuna wajen kwari, kuma gida biyu ne a gaban, ɗaya da yara ƙanana suna shan rijiyar tsakar gida. Kawu da kansa ya sa hularsa ya je ya same su bayan la'asar ya gaya musu, suka koma sayen ruwa kafin a gwada tasu. Tasa rijiyar mun rufe ta da silab mun sa kwaɗo, ba mu cike ta ba don da ita za a riƙa auna ruwan, kuma Fabrairu mai zuwa za mu sake ɗiba a kai lab a kwatanta da na damina.